Ɗaukar ma'aikata daga jami'o'i: ido da ido ga ɗan birni, allon waya ga ɗan ƙauye

Wata sanarwa ce take ta yawo a zaurukan WhatsApp na yaran da suka gama jami'a, ita ta hana ni sakat kwana biyun nan. Wani babban kamfani ne yake shelar cewa bana zai ɗebi sabbin ma'aikata ta hanya biyu. Jami'ansa za su taka da ƙafarsu zuwa wasu jami'o'i a Legas da Ibadan da Abuja su zauna da ɗalibai, sauran 'yan ƙasa kuma kowa ya shiga ta intanet daga inda yake. Har da kirarin wai wannan tsari ya buɗe wa kowa ƙofa. Sau biyu na bi jerin garuruwan da yatsa. Ko Kano babu, balle a yi maganar Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa.

Tun kullen korona na 2020, da Zoom ya shiga kowane ofis, masu ɗaukar ma'aikata suka ɗanɗana arahar tantance mutane daga nesa, kuma ba su da niyyar saki. Ban ga laifinsu a nan ba. Laifin yana wajen rabon: maimakon a raba aikin mataki-mataki, a ce wannan ta intanet za a yi, wancan sai an haɗu, sai aka raba mutanen. Wasu a gan su, wasu a ga hotonsu, in sabis ya yarda.

Masu kare tsarin hujjarsu ɗaya ce, kuma sun haddace ta. Sukan ce intanet ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar takardar alfarma daga sanata, yaron Auyo da yaron Ikeja tambaya ɗaya za su amsa a lokaci ɗaya. Magana ce mai daɗin ji a ɗakin taro mai sanyin iyakwandishan. To bari in ba ku labarin yadda "lokaci ɗaya" ɗin yake a wajenmu.

Ɗan ƙanwata ya karanta tattalin arzikin noma, ya fito da sakamakon da ba a jin kunyar nunawa, ya gama bautar ƙasa ya dawo ƙauye, can tsakanin Haɗeja da Kafin Hausa. Wani banki ya gayyace shi jarrabawar gwaji ta intanet: minti 45, kyamara a kunne daga farko har ƙarshe. A ƙauyen sabis ba ya zama sai a bayan firamare, shi ma na aika saƙo ne. Don haka ya ari kwamfutar wani malamin sakandare, ya hau acaɓa tun da hantsi zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ya roƙi mai shagon cajin waya ya ba shi lungu a bayan kanta. Ya rataya zanen gado don rufe tarin wayoyin da ke bango, ya sa farar riga. Mai shagon, Allah ya saka masa, har janaretansa ya kashe don kada ƙara ta shiga. Ana tsakiyar lissafi sabis ya ɗauke. Agogon jarrabawar bai tsaya ba. Da sabis ya dawo, abin da ya tarar shi ne rubutu a kan allo cewa kyamararsa ta daɗe a kashe, an rufe masa. Babu lambar da zai kira, imel ɗin da ya aika har yau shiru.

Da yamma ya kira ni. "Kawu, wallahi tambayoyin ba su fi ƙarfina ba." Na ba shi haƙuri irin wanda aka saba, na ce rabonsa yana gaba. Amma a raina na san akwai hannun mutum a cikin wannan rashin rabon. Wani ne ya zauna ya tsara cewa ɗaukewar sabis daidai take da satar amsa, kuma wannan mutumin bai taɓa neman sabis a bayan firamare ba.

Abin da wannan rariyar take tacewa ke nan: wuta, data, ɗaki mai shiru, kwamfuta mai batir. Duk kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin acaɓa da na man janareta suka tashi ba su sauko ba, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Yaron da ubansa ya sayar da buhun gero ya biya masa rajistar shekarar ƙarshe, shi ake cewa ya zauna a "wuri mai ƙarfin intanet".

Kuma kafin ma a kai ga jarrabawar akwai wata rariyar da ba a gani. Manhajar da ke tace takardun masu nema ba ta sauraron uzuri. An ba ta iyakar shekara 26 ko 27, kamar yadda bankuna da yawa suke gindayawa, to wanda ya haura ya fita. Ba ta san ASUU ta yi yajin aikin kusan wata tara a 2020 ba, ba ta san ta sake yin na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 ba. Ba ta san yaron ƙauye yakan fara boko a makare ba, ko ya yi shekara biyu yana jiran gurbi. Jami'in da ke zaune gaba da gaba da yaro zai iya jin wannan bayani ya ce a ba shi dama. Wa ya samu zama gaba da gaba? Ɗan jami'ar da aka kai wa ziyara. Shi ya sha hannu da manaja, ya karɓi katinsa, ya ji irin tambayoyin da za a yi, aka riƙe fuskarsa. In wannan ba "wa ka sani" ba ne a sabuwar riga, ban san sunansa ba.

Akwai masu cewa a koma fom na takarda da layi a filin wasa. Waɗannan sun manta rayukan da aka rasa a turmutsutsun ɗaukar ma'aikatan shige da fice ranar 15 ga Maris ɗin 2014, ba zan ɓata musu tawada ba. Masu cewa a yi haƙuri 5G na tafe kuwa, su fara kawo mana sabis ɗin da za a gama sallama a waya bai yanke ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙasar nan ta riga ta san maganin. Tun 2015 JAMB take yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, amma ba ta taɓa cewa kowa ya yi daga ɗakin uwarsa ba. Cibiyoyi ta tantance, masu kwamfutoci da janareta da masu sa ido. Duk da haka a 2025 na'ura ta yi tuntuɓe, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito bainar jama'a ya amsa kuskure, aka ba ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas damar sake zama. Idan hukuma mai cibiyoyi da injiniyoyi za ta gamu da haka har ta ba da damar maimaitawa, da wane ido kamfani zai rufe wa yaro ƙofa don sabis ya yi minti uku ba ya nan?

Ga hukumomin gwamnati abin ya fi muni, domin su sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure su da daidaita rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa. Ana duba jerin waɗanda aka ɗauka a ƙarshe, amma ban taɓa jin an ƙirga waɗanda suka zube a matakin farko, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ba. Daga nan sai ka ji wani a ofis yana kaɗa kai, wai 'yan Arewa ba sa nema, ko sun nema ba sa ci.

Su kansu kamfanonin asara suke yi, ko da ba su sani ba. Wanda yake sayen riɗi da zoɓo a Maigatari, ko shinkafa a fadamar Haɗeja, ko bankin da yake son manoma su buɗe asusu ranar kasuwar Gujungu, wane ma'aikaci yake buƙata? Wanda ya iya murmushi a kyamara, ko wanda zai sauka daga babur ya gaida mai unguwa yadda ya kamata, ya kalli gona ya san ko bashi zai dawo? Sai su ɗauko yaro daga nesa, su biya masa gida, bayan wata shida ya nemi canjin wurin aiki.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Jigawa tana da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga kwalejojin Kazaure da Haɗeja, ga cibiyar koyar da kwamfuta da aka kafa a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Kano tana da Bayero, ga ta Aliko Dangote a Wudil. Ɗakunan kwamfuta suna nan. Muna iya tara manyan baƙi da makaɗa ranar bikin yaye ɗalibai, amma gayyato kamfanoni goma su kwana ɗaya a Dutse ya zama aiki.

A juya tsarin kawai. Sanarwa, cike fom da bayanin aiki, duk a yi su ta waya, a sauƙaƙe su yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Jarrabawa kuma a yi ta a ɗakin kwamfuta na jami'a mafi kusa, inda in wuta ta ɗauke kowa ya shaida. Intabiyu a turo mutum biyu, ko a haɗa ta bidiyo daga wannan ɗakin. Yadda za a raba kuɗin, shugabannin jami'o'i da kwamishinonin ilimi mai zurfi su zauna su yi, ai don haka ake biyansu.

Ɗan ƙanwata yanzu yana riƙe wa wani na'urar POS ranar kasuwa, a wani reshen harkar bankin da ya ce bai cancanta ba. Ya turo min sanarwar da na faɗa a sama, yana tambaya ko ya sake gwadawa. Na ce ya gwada, amma wannan karon ya taho Kano tun ana gobe, ya kwana a wajena. Kuɗin motar ni zan tura.