Ba duk Kiristoci ne suka ce an ƙaddara wa mutum wuta ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa a addinin Kirista, Allah ya riga ya ware 'yan wuta tun kafin a haife su. Wannan koyarwa tana nan, amma ta ɓangare ɗaya ce, kuma bai kamata a jingina ta ga kowa ba. Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, ya koyar da ita, sannan taron malaman coci masu bin koyarwarsa da aka yi a birnin Dort na ƙasar Holland daga 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da ra'ayin mabiyan wani malamin Furotesta mai suna Arminiyus, masu cewa mutum na iya ƙin alherin Allah.

Katolika da Otodoks da Metodis kuwa sun tsaya kan cewa Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba. A ganinsu, mutum ne ke juya baya da gangan, ya ƙi tuba har ƙarshe. Suna kafa hujja da 1 Timoti 2:4 a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto.