Wai ina ruwan Gombe da zafin teku?

Maganar nan ta shirin rediyon jiya, wai "mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da ɗumamarsa", ta ɓata mini rai. Malam, ruwan da ke cika madatsar Dadin Kowa daga ina yake zuwa? Iskar damina daga Tekun Gini take ɗauko danshi ta hauro mana da shi. Daminarmu daga teku take.

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420. Aikinta riƙe zafi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafin teku ne ke shanye shi.

Guguwar teku kuwa zafi ne abincinta. Ba ta kafuwa sai ruwan ya kai wajen digiri 26.5, kuma ɗumin ya nutsa kamar mita 50. In bai nutsa ba, da ta motsa ruwan sai mai sanyi ya taso daga ƙasa ya kashe ta. In ya nutsa, tururi ya hau ya zama gajimare, ya saki zafi, zafin ya ƙara janyo iska, abu ya yi ta ciyar da kansa yana girma. Duk ƙarin digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kashi 7 cikin 100. Guguwar da aka sa wa suna Harvey a 2017 ta zubar da ruwa sama da milimita 1,500 a wani yanki na jihar Tekzas ta Amurka cikin 'yan kwanaki. Abin da masana suke hange shi ne masu ƙarfi daga cikin guguwoyin su ƙaru, da saurin haukacewa, da yawan ruwa, ko da adadinsu bai ƙaru ba.

Ga inda abin ya taɓa mu kai tsaye. Hadarin nan da ke taso mana daga gabas duk kwana 3 zuwa 5 a tsakiyar damina, shi ne ke wucewa yamma ya faɗa teku ta gaɓar Senegal. Mafi yawan manyan guguwar Atilantika daga irinsa suke farawa. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura na iya shaƙe shi, haka in iskar sama da ta ƙasa suka saɓa sai su sare masa kai. In ya tsira ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai dai a ji labari a Amurka.

Za a ce ai guguwar ba ta zuwa Najeriya. To, wa ya ce tana zuwa? Farin 1973 da na 1984 da iyayenmu ke ba da labari, bincike ya danganta su da sauyin zafin tekuna. In Tekun Gini ya yi ɗumi fiye da kima, ruwan kan maƙale a kudu, manomin Nafada da Dukku ya yi ta kallon sama. Za a ce Allah ne Mai saukar da ruwa. Haka ne, kuma Shi ya sanya wa komai sababi. Daminarmu daga teku take, jama'a.

Wani abin da ke damuna ma kwalbatocin cikin gari ne. Ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu yakan zo da ƙarfi a ɗan lokaci, ga magudanai cike da leda da yashi, ga kwazazzabai na cin bayan gidaje. A yashe su tun watan Afrilu, don Allah, kafin ruwan farko.