Kafin manhajar nan ta shiga ɗakin likita

Labarinku na cewa asibitoci za su ƙara dogara da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta hoton ƙirji ya yi daɗi, amma bari mu ma 'yan unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana mu tofa albarkacin bakinmu. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja wajen tantance tarin fuka a hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama. Sai dai nuni kawai take yi, dole a gwada kakin mutum kafin a ce ga cutar.

Tambayata ga likitocinmu na asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu: hotunan su wa aka koya wa manhajar? Wadda ta koyi aiki da hotunan ƙirjin Bature, yaya za ta gane cuta a ƙirjin ɗan Zango? A fara gwada ta a nan. A ɗebo tsofaffin hotunan da aka riga aka san sakamakonsu, a ba ta, a ƙirga nawa ta kama, nawa suka kuɓuce mata, nawa ta ɗora wa cuta alhali lafiyarsu ƙalau. Takardar kamfani ba hujja ba ce, ai mai kaya ba ya kushe kayansa.

Sannan hoton ƙirjin tsohuwata, wace ƙasa ake tura shi? Muna da dokar kare bayanai tun 2012, a bi ta. In dumsor ya zo, wato aka ɗauke wuta, intanet ya ɗauke, wa zai karanta hoton ranar?