Jan Ƙarfe a Ƙarƙashin Wurin Ibadar Apache

A jihar Arizona ta Amurka, kimanin kilomita 100 gabas da birnin Phoenix, akwai wani tudu mai duwatsu da bishiyoyi da ake kira Oak Flat. 'Yan ƙabilar Apache, waɗanda suka riga Turawa zama a yankin, suna kiransa Chi'chil Biłdagoteel, kuma a wurinsu ƙasa ce mai tsarki. A ƙarƙashinsa, a zurfin da ya kai kimanin kilomita 2, akwai ɗaya daga cikin manyan taskokin jan ƙarfe da ba a taɓa ba a duniya. Kamfanin Resolution Copper, mallakar manyan kamfanonin haƙar ma'adinai biyu, Rio Tinto mai kashi 55 cikin ɗari da BHP mai kashi 45, shi ke son haƙo shi. Ra'ayina a fili yake: miƙa wannan wuri ga kamfanin zalunci ne, kuma hujjar da kotu ta kafa don halasta shi ta fi haƙar kanta haɗari.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rijiya za a tona a gefe, masu ibada su ci gaba da harkarsu a sama. Dabarar da kamfanin ya zaɓa ita ce a shiga can ƙasa a riƙa rarake dutsen daga gindinsa, yana ruftawa da nauyin kansa, ana kwashewa. Sannu a hankali saman ƙasa zai bi sahu. Rahoton hukumar kula da gandun daji ta Amurka, ba na masu adawa ba, shi ya ce a ƙarshe wurin zai koma wawakeken rami mai faɗin kusan kilomita 3 da zurfin kusan mita 300, ga tarkacen da za a jibge da ya haura tan biliyan 1. Babu wanda ke musun wannan, har lauyoyin gwamnati.

Me za a rasa? A nan ake yi wa 'yan matan Apache bikin shiga girma na kwana huɗu. Yarinya takan tattara itace da tsirrai daga wurin, ta gina bukkarta, ta tsaya tana fuskantar gabas tana rawa sa'o'i da dama, uwar ɗakinta na gefenta tana ƙarfafa mata gwiwa, danginta na kewaye da ita da waƙa da addu'a. Daga baya a shafe ta da farar ƙasar da aka ɗebo a wurin. Sun yi imani cewa Ga'an, manzannin da ke tsakaninsu da Mahalicci, a nan suke zaune. Tsofaffin mata kuma a nan suke tsintar 'ya'yan bishiyar da ta ba wurin suna, su daka su yi miya da su. Ba lallai ne mutum ya yarda da wannan aƙida ba, ni ma ba addinina ba ne, amma tilas ya gane cewa ibada ce da ke ɗaure da wuri guda. Ba a ɗaukarta a kai wani gari.

Ita kanta gwamnatin Amurka ta daɗe da sanin darajar wurin. Tun 1955, zamanin Shugaba Eisenhower, aka hana haƙar ma'adinai a wani sashe nasa. An sha kai ƙudurin ba kamfanin filin gaban majalisa yana faɗuwa. Sai a watan Disambar 2014 Sanata John McCain da Jeff Flake suka cusa shi cikin dokar kasafin tsaro, dokar da kowa ya san ba a iya kayar da ita domin albashin soja na ciki. Shugaba Obama ya sa hannu. Aka ce kamfanin zai karɓi eka 2,422, shi kuma ya ba gwamnati wasu filaye da suka haura eka 5,000 a wasu wurare. Masu goyon baya suna yawan nanata cewa ai an samu riba, ƙasa ta ninka. Wannan kamar a ce wa mutum za a tone maƙabartar iyayensa amma za a ba shi gona mai ninki biyu a wani ƙauye. Kuma a nan ko gonar ma ba Apache za a ba wa ba, gwamnati ce za ta karɓa.

Ƙungiyar Apache Stronghold, ƙarƙashin Wendsler Nosie, tsohon shugaban ƙabilar San Carlos Apache, ta garzaya kotu a 2021 tana dogaro da dokar kare 'yancin addini ta 1993, wadda ta hana gwamnati ɗora wa ibadar mutum nauyi mai tsanani sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A watan Maris na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci da ƙuri'a 6 da 5 cewa ba a keta dokar ba. Dalilinta, wanda ta ɗauko daga wani hukunci na 1988, shi ne filin na gwamnati ne, kuma in gwamnati ta yi abin da ta ga dama da filinta ba tare da ta tilasta wa kowa barin addininsa ko ta ci shi tara ba, to ba ta matsa masa ba.

A tsaya a auna wannan magana. In aka ci mutum tarar dala biyar don ya yi ibada a Oak Flat, doka za ta kare shi. In aka rusa wurin baki ɗaya yadda ibadar ba za ta sake yiwuwa ba har abada, doka ba ta da abin cewa. Sannan ta yaya filin ya zama na gwamnati? Da bakin bindiga, a shekarun 1870, lokacin da aka kora Apache aka tsare su a wani yanki da gwamnati ta keɓe musu mai suna San Carlos. Ke nan ƙwacen farko ne ya zama hujjar ƙwace na biyu. Coci da masallaci da majami'ar Yahudawa a Amurka galibi suna kan filin da masu su suka saya, don haka wannan hukunci ba ya taɓa su kai tsaye. Wanda aka raba da ƙasarsa shi kaɗai aka bari a fili.

Ranar 27 ga Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi ko sauraron ƙarar. Mai shari'a Neil Gorsuch, tare da Clarence Thomas, ya rubuta cewa wannan babban kuskure ne, ya kuma ce da wata tsohuwar babbar coci ce za a rushe da hujja mai rauni irin wannan, da kotun ba ta kau da kai ba. Ba banza ba ƙungiyoyin Kirista da Musulmi da Yahudawa da Sikh suka mara wa Apache baya a shari'ar. Sun san cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a nan muna da abin lura: a Disambar 2020 gwamnatin Trump ta farko ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, sai ga ta a ranar 15 ga Janairun 2021, kwana biyar kafin ta sauka, ta gaggauta fitar da rahoton da zai buɗe ƙofar miƙa Oak Flat.

Ba na raina hujjar ɗaya ɓangaren. Duniya na buƙatar jan ƙarfe, da shi ake wayar lantarki da injina da motoci masu batir, kuma wayar da ke hannunmu ma akwai shi. Kamfanin ya ce mahaƙar za ta iya biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buƙatar Amurka, ta kuma samar da ayyuka. Mutanen garin Superior da ke kusa, waɗanda suka shiga ƙunci tun da tsohuwar mahaƙarsu ta rufe, da yawansu na son aikin, har cikin Apache ɗin ma akwai masu neman albashinsa. Talauci gaskiya ne. Amma ƙiyasin kamfanin shi ne aikin zai ɗauki kimanin shekara 40. Bayan nan ma'aikata za su watse, ramin kuma yana nan.

Alkawarin da kamfanin ke yi na mutunta al'ada kuwa, tarihi bai ba shi gaskiya ba. A watan Mayun 2020 Rio Tinto ya tarwatsa kogwannin dutse na Juukan Gorge a yammacin Ostareliya da nakiya, wuraren da ke ɗauke da shaidar zaman ɗan Adam ta shekara 46,000, duk da roƙon masu ƙasar. Abin ya ci kujerar shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, aka yi ta ba da haƙuri da rantsuwar ba za a sake ba.

Majalisar dokoki ce ta ƙulla wannan ciniki, ita ya kamata ta warware shi ta hanyar soke sashen da aka cusa a 2014, a kuma kawo batun a fili a yi muhawara a kansa shi kaɗai, kowa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa. Ɗan majalisa Raúl Grijalva na Arizona ya riƙa gabatar da ƙudurin yin hakan tun 2015, Bernie Sanders na mara masa baya a majalisar dattawa. Grijalva ya rasu a watan Maris na 2025, ƙudurin bai zama doka ba.