SSD ɗinka sabo ne, don Allah kar ka kwaso masa tsohon Windows

Akwai wani abu da nake gani yana ta maimaituwa a wajen masu haɗa sabuwar kwamfuta kuma gaskiya yana min ciwo. Mutum zai yi sati biyu uku yana bincike a kan firosesa, ya auna RAM, ya zaɓi madabod, ya sayo SSD mai kyau, wato faifan ajiya na zamani, amma ranar ɗora Windows sai ya yi ta cikin gaggawa kamar ana korarsa, ya danna nan ya danna can ba tare da ya karanta abin da ke kan allo ba, ko kuma ya ce a kwafe masa tsohon faifansa kacokan a juye a sabon. Alhali wannan awa ɗayar ita ce za ta yanke yadda kwamfutar za ta zauna da kai shekaru masu zuwa.

Ni ra'ayina ɗaya ne: babbar manhaja, wato Windows, a kan SSD za a ɗora ta, sabuwa fil daga filashi, kuma a lokacin da ake ɗorawar kada a bar wani faifai a jone sai SSD ɗin kaɗai.

Maganar cewa a kan SSD za a ɗora ba ta bukatar dogon musu. Faifan HDD, wato tsohon samfurin faifan ajiya, farantai ne a ciki suna juyi, sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai kai da komowa yana neman inda aka ajiye abu, shi kuma SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Mutane sun fi son ambaton manyan lambobin gudu, wai SSD na SATA, wato mai tsohuwar hanyar joni, yana kai wajen MB 550 a daƙiƙa, na NVMe, wato sabon samfurin, a kan layin madabod na PCIe 3.0 wajen 3500, na PCIe 4.0 har 7000. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suke sa kwamfuta ta tashi da wuri ba. Windows idan zai tashi ba ƙaton fayil ɗaya yake karantawa ba, dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kuma duk ɗaya sai HDD ya jira farantin ya juyo, SSD kuwa ba ya jiran komai. Shi ya sa wanda ya tashi daga HDD zuwa SSD na SATA yake ganin kamar an canza masa kwamfuta gaba ɗaya, wanda kuwa ya tashi daga SATA zuwa NVMe bambancin da zai gani wajen kunnawa kaɗan ne. Don haka idan na SATA ne a hannunka kar ranka ya ɓaci, ɗora abinka.

Inda nake son mu tsaya shi ne batun cire sauran faifai, don ni kaina ya taɓa cin lokacina. Na haɗa wata kwamfuta, na saka sabon SSD, na bar tsohon HDD a jone saboda fayilolina suna ciki, na zaɓi SSD ɗin da idona, Windows ya hau lafiya lau. Bayan wasu watanni tsohon faifan ya fara ƙara, irin ƙas ƙas ɗin nan, na cire shi, ina kunnawa sai baƙin allo, wai ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Ashe manhajar ɗorawar da ta ga akwai ɗan yankin EFI a tsohon faifan, wato ƙaramin fatishan ɗin nan da yawanci bai wuce MB 100 zuwa ƴan ɗaruruwa ba wanda kwamfuta take fara dubawa kafin ta kira Windows, sai kawai ta yi amfani da shi ba ta buɗe sabo a SSD ba. Gida yana nan, mabuɗin ƙofar kuma yana aljihun wanda ya tafi. Ana gyarawa, amma sai ka shiga rubuta umarni a baƙin allo hankalinka a tashe, alhali zare waya ɗaya kafin a fara da ya wadatar. Akwai ma wata fa'idar, idan faifai ɗaya ne a jerin ba yadda za a yi ka yi kuskuren goge wanda hotunanka suke ciki.

Sai batun UEFI, wato manhajar madabod da ke fara aiki idan an kunna kwamfuta, da GPT, wato sabon tsarin raba faifai. Tsohon tsarin raba faifai, MBR, bai iya wuce TB 2 ba kuma manyan fatishan huɗu kawai yake ɗauka, sabuwar kwamfuta ba ta da wani dalilin zama a kansa. Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021 ma sharaɗinsa ne UEFI, da matakan tsaro biyu, wato TPM 2.0 da madabod mai iya Secure Boot, da aƙalla RAM GB 4 da wurin ajiya GB 64. Windows 10 kuwa Microsoft ta janye masa tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025, to ban ga amfanin a ɗauki sabon inji a ɗora masa abin da masu shi sun saki ba. Idan ka haɗa filashinka na ɗora Windows mai GB 8 ko fiye, da manhajar Microsoft ko da wata manhajar haɗa filashi mai suna Rufus, ka lura a jerin abin da za a tashi da shi filashin kan fito sau biyu, ka zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Idan ka iso wajen zaɓen faifai kar ka tsaya yanka fatishan da hannu, ka bar SSD ɗin a matsayin fili guda wanda ba a raba ba, ka zaɓe shi, manhajar za ta yanka abin da take bukata da kanta kuma ta daidaita shi yadda ya kamata. Mai ɗora Ubuntu ko wani Linux ɗin ma wannan shawarar ta hau kansa.

Wani lokaci kuma ka zo wajen zaɓen faifai ka ga wayam babu komai. Kafin ka ce an sayar maka da matacce, duba ko SSD ɗin ya zauna daram a raminsa na kan madabod, wanda ake kira M.2, an ɗaure da ɗan sukurunsa, sannan ka tuna ba kowane M.2 ne NVMe ba, akwai na SATA masu kama da shi sak kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba. A wasu kwamfutocin Intel kuma saitin sarrafa faifai mai suna RST ko VMD ne a kunne a UEFI, sai ka ba manhajar ɗorawar direbansa daga filashi, wato ƴar manhajar da ke sa Windows ya gane kayan, ko ka kashe saitin kafin faifan ya bayyana.

Na san abin da masu kwafe tsohon faifai za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Mutum yana da manhajoji ashirin na aiki da saitin da ya yi shekaru yana gyarawa, ka ce ya sake daga farko, kwana biyu ne za su tafi. Idan kwamfutar ɗaya ce faifai kawai aka canza, na yarda, kwafewa hanya ce mai kyau. Amma sabuwar kwamfuta fa madabod daban, firosesa daban, komai daban, sai ka kwaso direbobin injin da babu shi yanzu, da ragowar manhajojin da ka goge tun tuni, watakila ma da MBR ɗin, kuma lasisin Windows da ya zo maƙale da tsohuwar kwamfuta yawanci ba ya binka zuwa sabuwa. Zai iya tashi, eh, amma duk ranar da ta maƙale ba za ka san ko sabon kayan ne da matsala ko tsohon tarkacen ba, kuma wannan rashin sanin ya fi kwana biyun tsada a wajena.

Sai masu tsoron wai SSD yana ƙarewa idan ana yawan rubutu a kansa, har suna ɗora Windows a HDD don su lallaɓa shi. Wallahi wannan yana ba ni takaici, an sayi doki an ɗaure ana tafiya a ƙasa. Gaskiya ne ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar rubutu, amma duba adadin, Samsung 870 EVO mai GB 500 kamfanin ya ba shi TB 300 na rubutu, ko kullum kana rubuta GB 20 lissafin ya haura shekara 40. Tun Windows 7 a 2009 akwai TRIM mai taimaka wa SSD share gurbin abin da aka goge, kuma Windows na yanzu yana gane SSD da kansa ya kula da shi, ba sai ka bi tsofaffin shawarwarin kashe wannan kashe wancan ba. Abin tsoro na gaskiya daban ne, SSD idan zai mutu sau da yawa ba ya ƙara ba ya gargaɗi, kuma ciro bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya nesa ba kusa ba. A nan ne tsohon faifan yake da aiki. Bayan Windows ya hau, ya sabunta kansa, ka kashe ka kunna ka tabbatar yana tashi shi kaɗai, sai ka mayar da HDD ɗin ka riƙa ajiye kwafin abubuwanka masu muhimmanci a ciki, ka leƙa saitin UEFI sau ɗaya ka tabbatar SSD ne a saman jerin tashi, sannan kar ka cika shi maƙil, ka bar masa ɗan sarari don idan ya cika taf gudun rubutunsa yana raguwa.