Kwikwiyon ba shi da laifi, ku ne ba ku shirya ba

To, masu kwikwiyon nan dai sun mayar da shi inda suka ɗauko shi. Ko wata ɗaya ba a cika ba da aka ishe mu da hotuna, an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, an raɗa masa suna, ana ta "ku taya mu murna, mun yi sabon ɗan gida". Yau kuma sai sanarwa: wai ba ya jin magana, ya tattaune takalmi, ya yi fitsari a falo, ya hana kowa barci. Ayya, sannunku da haƙuri. Lallai an cuce ku. Kwikwiyo ɗan wata uku ya ƙi yin hankalin dattawa.

Kwikwiyon nan ba shi da laifi, wanda ya ɗauko shi ne bai shirya ba.

Takalmin da ake ta kuka a kai fa? Kwikwiyo da baki yake sanin duniya. Haƙoransa na yarinta 28 ne, wajen wata 3 zuwa 4 yake fara famfara, sai kusan wata 7 haƙora 42 na girma suke gama fitowa. Duk tsawon lokacin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake masa, dole ya tauna wani abu. Ba ka tanadar masa abin taunawa ba, ka kuma bar takalminka a bakin ƙofa. To wa ya yi sakaci?

Fitsari ma haka. Lissafin da masu kiwon kare suka saba yi shi ne, ɗan wata 2 awa 2 yake iya riƙewa, ɗan wata 3 awa 3. Ana fita da shi da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, a kai shi wuri guda kullum, in ya yi a yaba masa. Kai kuwa ka kulle shi tun safe sai yamma, ka dawo ka tarar da ɓarna ka ɗauki sanda. Dukan nan abu ɗaya yake koya masa: ya riƙa ɓuya bayan kujera in zai yi. Kukan dare kuwa, jiya-jiya aka raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa. Shi ya sa ake cewa kada a raba su kafin sati 8.

Na san za a cika min ƙasan rubutun nan. "Ai dabba ce." Eh, dabba ce, shi ya sa ba ita za ta yi tunanin ba, kai za ka yi. "Yara ne suka matsa." Yaran ne za su kai shi wurin likita? "Ai gara mayarwar da wulaƙanci." Gara ma a ce tun farko ba a ɗauko ba.

Tsakani da Allah, ba haramta wa kowa kiwon kare nake ba. Amma rai ne ka ɗauko, wanda zai iya kai shekara 10 zuwa 13 yana jiran hannunka. Tun yana sati 6 zuwa 8 ake fara masa rigakafi, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har wajen sati 16, saboda irin su cutar parvo mai kashe kwiyakwiyai da amai da gudawa. Ga maganin tsutsar ciki, ga kaska da ƙuma. Ga allurar haukan kare daga wajen sati 12, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari ta cizon kare. A cikin hotunan nan kaf ban ga katin rigakafi ba. Jan ƙyalle dai na gani.

Af, ku kuma masu ɗora bidiyo kuna ba karenku cakulan kuna dariya, ku daina. Akwai sinadarin theobromine a ciki, jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri, guba ce gare shi. Albasa tana lalata masa jini, inabi kuma yana iya kashe masa ƙoda. Ranar nan har wanda yake ɗura wa nasa kofi na gani, wai don ya yi gadi da kyau.