Kuka a gaban Ubangiji ba rashin bangaskiya ba ne

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada a nan Tahoua, na tarar da wata ƴar'uwa zaune a bencin baya, ta rufe fuskarta da gefen mayafi. Mijinta ya tafi bida Abijan kamar yadda mazan Adar da yawa suke yi, yau shekara uku ke nan, kuma tun kafin damina wayarsa ba ta shiga. Na ji tana gaya wa wata dattijuwa cewa da dare, idan yara sun yi barci a tsakar gida, takan tambayi Allah ko ya manta da ita ne. Dattijuwar ta amsa mata da cewa, "Haba ɗiyata, ki yi haƙuri, ba a yi wa Ubangiji irin wannan magana."

Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban yarda da ita ba, kuma tun ranar maganar take cina. Mun taso da kunya da kawaici, har muka ɗauke su muka shiga da su ɗakin addu'a, muna zaɓen kalmomi kamar masu gaisuwa a fadar sarki. Wanda kaɗaici ya dame shi kuwa ba shi da ƙarfin wannan ado, saboda haka sai ya daina addu'ar gaba ɗaya, yana ganin abin da ke cikin zuciyarsa bai cancanci a kai shi gaban Allah ba.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu cikin ayoyi biyu kacal. Zabura 88 ta fi wannan nauyi, domin marubucinta ya fara da kuka, ya ƙare da zancen duhu da rabuwa da abokai, ba tare da ya ce ya sami sauƙi ba, kuma duk da haka ba a cire ta daga cikin zaburoyi 150 ba. Hannatu ta yi addu'a a Shilo leɓunanta suna motsi babu murya, har Eli firist ya zaci ta bugu ne. Yesu kansa, a kan gicciye, da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Uba dalilin da ya sa ya yashe shi.

Labarin da nake yawan komawa gare shi shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci gurasa ya sha ruwa, sai daga baya, a Horeb, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba.

Da dattijuwar nan ta zauna kusa da ƴar'uwar a bencin, ta ce, "Faɗa masa duka, ɗiyata, ina nan," sannan da marece ta aika jikanta da kwanon tuwo, ina ganin da ta fi kusa da abin da aka yi wa Iliya. Ni ma da nake wannan rubutu, gaishe ta kawai na yi na wuce.